Bangon Ribaɗin Jarwal

Asabar, 4 ga Rajab, bayan azahar

Sun shafa jan fenti a ƙofar ribaɗin Jarwal, gidan sadakan nan na tsofaffin alhazai da ke unguwar Jarwal a nan Makka. Kalma ɗaya ce da Larabci, izala, wato za a rushe. 'Yata Manal ce ta nuna mini hoton a wayarta muna cikin mota, za mu asibiti wajen babanta. Na ce ta mayar da wayar jaka ta kalli hanya.

Baban Manal ya san haka za ta faru tun bara. Gidajen gaba da na baya duk sun zama fili, saura ribaɗin da wani gidan burodi. Shi ya sa ya fara kwafe sunayen da ke bangon tsakar gidan. Ya ci rabin bangon gabas, sannan Talatar nan ta zo, aka kira ni daga shago.

Bari in rubuta dalili, don ranar da zan gaji. Kaburburan Makka ba a sa musu suna. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Mutanenmu da suka zo da ƙafa ta Cadi da Sudan, suka tsufa a ribaɗin nan, da yawansu ba ɗa ba jika, in ɗayansu ya rasu aka kai shi maƙabartar Mu'alla, sai mai kula da gidan ya ɗauki ƙusa ya zana sunansa a bango, da garinsu, wani lokaci da shekara. Na ƙarshe da ya riƙe ƙusar shi ne surukina Baba Isa, Allah ya jiƙansa. In bangon ya faɗi, babu sauran inda aka ce waɗannan mutane sun taɓa zuwa duniya.

Awa ɗaya suke barin mu shiga wajensa a wuni. Sauran wunin nawa ne, kuma ba zan ƙare shi ina kallon takalmansa a bakin ƙofa ba. Gobe zan je Jarwal.

Lahadi, 5 ga Rajab, bayan magariba

Na je. Manal ta sauke ni ta wuce jami'a.

Ashe akwai sauran mutum ɗaya a gidan. Baba Zali, tsoho ne sosai, idonsa ya kusa tafiya, yana zaune a gadon igiya a ƙarƙashin rumfa da rediyo a cinya. Da na yi sallama ya tambayi ko ni ce ta baladiyya, wato hukumar gari, in ni ce in koma, ba ya fita. Na ce matar Mukhtaru ce, ɗan Baba Isa. Ya ce ai ya ji. Bai ƙara komai a kai ba, na kuwa gode masa a zuciyata.

Na ɗauka aikin hoto ne, in ɗauka da waya in koma gida in kwafe a zaune. Ba haka ba ne. An sha shafa wa bangon farar ƙasa, shafi kan shafi, rubutun ya nutse. A hoto fari kawai ake gani. Sai na sa yatsa na bi, in na ji rami in kankare da bayan cokali a hankali. In rana ta karkata bayan la'asar haske yana shigowa ta gefe, haruffan su yi inuwa, nan ne suke fitowa sosai.

Na farko da na karanta da kaina: Jatau mai ɗinkin hula, mutumin Gwaram, ya rasu ranar Arfa. Na daɗe tsaye a gabansa. Na koyar da yara karatu a Fagge kafin aure ya kawo ni ƙasar nan, amma yau sai na ji kamar ni ce 'yar aji ɗaya.

Talata, 7 ga Rajab, da hantsi

Babu canji. Haka likitan ya ce wa Manal da Larabci, haka ta juya mini da Hausarta mai ɗingishi, kamar ban ji ba.

Laraba, 8 ga Rajab, bayan la'asar

Bangon gabas ya kusa. Hannaye uku na gane. Akwai wani tsohon rubutu mai kyau irin na allo, akwai wani mai gaggawa da ba ya sa ɗigo, sai na Baba Isa, manya-manya, yana karkata hagu kamar yadda shi ma yake tafiya.

Azumi 'yar Katagum, ta iso da ƙafa, ta yi hajji uku. Tanko Baduku. Gambo na Abashe da matarsa, mako ɗaya tsakani. Akwai wanda aka rubuta: wani mutum daga Adar, bai faɗi sunansa ba.

Ina karantawa da ƙarfi, Baba Zali yana amsawa daga gadonsa. Wani ya ce Allah ya jiƙansa, wani ya ce wannan ɓarawon sukari ne, wani ya ce bai san shi ba. Ban cika yarda da shi ba. Jiya ya ce Tanko dogo ne, yau ya ce gajere. Abin da bango ya faɗa nake rubutawa, abin da Baba Zali ya faɗa in sa shi a gefe da jan biro.

Can ƙasa kusa da ƙofar ɗakin salla na karanta: Zali ɗan Mongo, mai ɗebo ruwa. Na ɗauka mai sunansa ne. Sai ya fashe da dariya har yana tari. Shi ne. Wai shekarun baya an kwashe su cikin marasa takarda aka mayar da su Cadi, labari ya zo cewa ya mutu a hanya, Baba Isa ya yi masa salla ya zana shi. Bayan shekaru sai ga shi a bakin ƙofa da buhunsa. Baba Isa ya ɗauko dutse zai goge, ya riƙe masa hannu.

"Na ce masa bar shi, Isa. Ran da ta zo ba lallai a samu mai ƙusa ba."

Na kwafe shi yadda yake. A gefe na sa da ja: yana raye, yana shan shayi.

Juma'a, 10 ga Rajab, bayan la'asar

Mun ci abinci a unguwar Aziziyya, gidan Yaya Hauwa, yayar Baban Manal. Ban so zuwa ba. Ta cika faranti da shinkafa ta tsaya a kaina sai na ci. Ina miƙa hannu ta ga farar ƙasa a ƙarƙashin farcena.

Ashe labari ya kai mata. Ta sallami yara daga falon, ta rufe ƙofa, ta zauna daf da ni. Ta ce mutane suna magana. Ta ce matar da mijinta ke inda yake, wurinta kan sallaya ne, ba kango ba. Duk wannan na iya haɗiyewa. Sai ta ce:

"Ƙanina yana kwance, ke kina yawo kina tara sunayen matattu. Wa kike share wa wuri, Ruƙayyatu?"

Na wanke hannu, na ce Manal ta ɗauko makulli. A mota Manal ta ce in yi haƙuri, ammarta, wato gwaggonta, tsoro ne ke cinta. Na ce na sani. Ni ma ai shi ke cina, sai dai ni ba na cizon mutane da shi.

Ban yi kuka ba. Gobe bangon kudu.

Lahadi, 12 ga Rajab, da azahar

Babu canji. Sun aske masa gemu saboda abin da suka ɗaura masa a fuska. Ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, 13 ga Rajab, bayan magariba

Wani mutum ya shigo da farar hular ƙarfe, ya ce sunansa Mish'al, shi ne injiniyan kamfanin da zai yi aikin. Mai furfura ne, mai ladabi. Ya tsaya yana kallona a kan bokiti ina kankare bango da cokali, ya tambayi abin da nake yi. Na gaya masa da Larabcina na kasuwa. Ya sa yatsa ya bi suna ɗaya, ya karanta Fatiha, sannan ya ce motocin ba za su iso nan ba sai ƙarshen wata. Kafin ya tafi ya sa aka kawo mini tsani.

Ya kuma yi maganar Baba Zali. Dole ya fita. Akwai gidan tsofaffi, amma suna neman takarda, shi kuwa takardarsa ta mutu tun kafin a haifi Manal. Baba Zali ya ƙara muryar rediyo har mutumin ya tafi.

Da tsani na kai layin sama. Can ne mafi tsufa. Wasu sun lalace, sai rabin suna. Ina rubuta rabin, in ja layi a inda ya ɓace. Ba zan ƙirƙira wa kowa suna ba.

Ƙarshen wata. Kudu, arewa, yamma. Zan iya in ban yi ciwo ba.

Laraba, 15 ga Rajab, da safe

Bayana. Manal ta shafa mini man zafi tana faɗa, wai halas, ya isa. Na ce ta ƙara a kafaɗa.

Alhamis, 16 ga Rajab, bayan la'asar

Yau a wajensa na rasa abin faɗa. Kullum ina ce masa shago lafiya, gida lafiya, Manal tana karatu. Ƙarya ce rabi, shagon a rufe yake. Sai na buɗe littafin na fara karanta masa daga inda ya tsaya. Na karanta masa Jatau da Azumi da mutumin Adar. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta koma.

Injin yana ta yin abin da yake yi. Na riƙe hannunsa na hagu. Na dama ba na taɓawa. Ba zan rubuta dalili ba.

Na gaya masa rubutunsa ya fi nawa kyau amma ya tsallake mutum biyu a layi na huɗu, na gyara. Da yana iya musu da ya yi.

Asabar, 18 ga Rajab, bayan azahar

Kudu ya ƙare. Arewa gajere ne, taga ta cinye rabinsa.

Na yanke shawara a kan Baba Zali. Majalisinmu na ƙasa, ɗakin baƙi na gidanmu a unguwar Ka'akiyya, babu mai zama cikinsa yanzu, akwai banɗaki a gefe. Tun da na zo gidan nan ban taɓa shigo da ko kujera ba sai na tambayi mai gidan. Yau zan shigo da mutum.

Shi tsohon ne ya ba ni wahala. Ya ce a nan Isa ya bar shi, a nan za a same shi. Na yi lallashi, na yi wa'azi, bai motsa ba. Daga ƙarshe na ce masa to shi ke nan, amma in sun zo da motarsu ni ma a nan za su same ni, kuma shi zai yi wa Manal bayani. Ya kira ni mai taurin kai, ya ce matan Kano duk haka suke. Sannan ya tambaya ko gadonsa zai shiga mota.

Yaya Hauwa ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 19 ga Rajab, da yamma

Mish'al ya dawo, bai iya kallon idona ba. An canja tsari, motocin sun gama wani wuri da wuri. Laraba ce, ba ƙarshen wata ba. Ya ce ya yi ƙoƙari. Na yarda ya yi.

Bangon yamma shi ne mafi tsawo, kuma shi ne na Baba Isa kusan duka, mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu ke yawo a garin nan. Na bar shi ƙarshe don na ga shi ne mafi sauƙin karantawa.

Litinin da Talata. Manal ta ce za ta bar darasi ta riƙe mini fitila ta gefe, ba sai mun jira rana ta karkata ba. Ba ta iya karanta ajami, amma tana da hannu biyu.

Litinin, 20 ga Rajab, bayan magariba

Mun kai Baba Zali gida da safe, shi da gado da rediyo da buhu ɗaya. Bai waiwaya ba. Wannan ya ci mana rabin wuni. Arewa ya ƙare. Gobe bangon yamma, tun daga asuba.

Alhamis, 23 ga Rajab, da hantsi

Ban rubuta komai ba kwana biyu. Bari in bi shi a jere.

Talata muna kan layin sama na bangon yamma, ina kan tsani, wayar Manal ta yi ƙara. Na ga fuskarta. Ta ce asibiti ne, sun ce mu zo yanzu. Ba su faɗi dalili ba, ko sun faɗa ba ta ji ba. Ban san yadda na sauko ba. Littafin ma Manal ce ta koma ta ɗauko.

A hanya na shirya. Na shirya sarai, har na fara tunanin wa zan fara kira.

Da muka shiga, sun cire masa bututun. Idonsa a buɗe. Ya kalli Manal, ya kalle ni, ya daɗe yana kallona, bakinsa ya motsa gefe ɗaya. Manal ta durƙusa a ƙasa tana kiran Baba, Baba. Ni na tsaya riƙe da ƙarfen gadon.

Sun bar mu muka zauna har yamma, jiya ma haka. Na san Laraba ce. Na sani tun da na buɗe ido, na san abin da ake yi a Jarwal ina ba shi ruwa da cokali. Ban tashi ba. In aka sake maimaitawa, nan zan sake zama.

Amma layi ɗaya kawai na samu daga bangon yamma.

Asabar, 25 ga Rajab, bayan la'asar

Na sa Manal ta bi da ni ta Jarwal. Fili ne. Har ɓaraguzan sun kwashe. Gidan burodin ma babu. Na kasa gane inda ƙofar take.

Ban sauka daga mota ba.

Litinin, 27 ga Rajab, da safe

Haushi nake ji, ban san na wa ba. Da na fara da bangon yamma. Da ban tsaya jan biro ba. Da, da.

Baba Zali ya ce zai tuna mini su. Ya kawo shida, biyu daga ciki na riga na kwafe su a bangon gabas, ɗaya kuma ina jin yana raye a Jidda. Na yi masa tsawa. Tsoho, baƙona, a gidana. Daga baya na kai masa shayi na ba shi haƙuri, ya ce sukarin bai ji ba.

Litinin, 4 ga Sha'aban, bayan azahar

Baban Manal ya dawo gida jiya.

Zan rubuta sau ɗaya, da hannuna, don in daina kewaye shi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki. Likita ya ce ƙafar tana iya dawowa in an dage da gashi da motsa jiki. Maganar kuwa, ya ce kada mu sa rai da yawa.

Kalma ɗaya ta rage masa: to. Ruwa, to. Ciwo, to. In ya ji haushi ma to ce, sai dai da ƙarfi.

Ba zai iya hawa bene ba, don haka a majalisi muka sa gadonsa, kusa da na Baba Zali. Na ji tsoron yadda zai ɗauki baƙon da na ajiye masa ba da izininsa ba. Ya kalli tsohon, ya kalle ni, ya ce to. Tun safe Baba Zali yake ba shi labarin Abashe da raƙuma da rashin kirkin wani direba da ya mutu tuntuni, shi kuma yana cewa to. Ina jin tsohon bai taɓa samun mai sauraro irin wannan ba.

Na koyi ɗaga shi daga gado zuwa keke. Ana sa gwiwa a gaban gwiwarsa, a rungume shi ta ƙarƙashin hammata. Yana jin kunya. Na ce masa ya daina, ni ba baƙuwa ba ce.

Juma'a, 8 ga Sha'aban, bayan la'asar

Yaya Hauwa ta zo da miyar kuka a kula. Tun ranar nan ba mu haɗu mu biyu ba, a asibiti kullum akwai mutane tsakaninmu. Ta shiga wajen ƙaninta ta daɗe, ta fito ido ja, ta same ni a kicin ina mayar da sunayen cikin sabon littafi da rubutu mai kyau.

Na ɗauka faɗa za ta sake. Ta ja kujera ta zauna, ta jawo littafin tana juyawa, ko da yake ba ta karanta boko. Can ta tambaya ko na kai bangon yamma. Na ce layin sama kawai. Ta ce ƙasa fa, can kusurwa, wajen famfo. Na ce ban kai ba.

Sannan ta ce kafin manyan 'ya'yanta ta haifi wani, tana yarinya, a ɗakin da ke bayan ribaɗin. Bai yi wata biyu ba. Maza suka ɗauke shi suka tafi, ita ba a bar ta ta bi ba, har yau ba ta san ko wane gefen Mu'alla yake ba. Bangon na tsofaffi ne, ba a sa jarirai, amma Baba Isa ya durƙusa ya zana shi can ƙasa inda ba mai lura. Ta ce duk shekara takan je kamar za ta gaida tsofaffi, ta tsaya wanke hannu a famfon. Ko 'ya'yanta ba su sani ba. Da ta ji ina kankare bangon, ta kasa jure a ce wani ya karanta shi da ƙarfi.

Shekara ashirin da wani abu muna tare da matar nan, ban taɓa ji ba.

Ta tura mini littafin, ta sa yatsa a inda farin shafi ya fara.

"Rubuta. Salihu ɗan Hauwa. Ki sa jikan Isa."

Na rubuta da baƙin biro, ba da ja ba. Ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce in sake.

Asabar, 9 ga Sha'aban, da safe

Yaya Hauwa ta kira tun ban gama ba shi koko ba. Ta ce mutanen bangon yamma ai ba daga sama suka faɗo ba, ta san gidajen da suka bar dangi, wasu a nan Ka'akiyya, wasu sun watsu bayan gari. Ta lissafo tsofaffin mata huɗu da ya kamata mu fara da su tun suna da hankalinsu. Ba za mu samu duka ba. Na ce na sani.

Manal za ta zauna da babanta in ta dawo. Na gaya masa inda za ni, ya ce to.

Yaya Hauwa za ta biyo mini bayan azahar. Ta ce in sa takalmi mara santsi, gidan farko a kan dutse yake.